Makullin Rumbu a Cikin Rumbu

Akwai wani injiniyan kwamfuta a wani gidan rediyo, ana ce masa Sha-Yanzu. Ba iyayensa ne suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk matsalar da aka kai masa, kafin mutum ya rufe baki zai ce, "Wannan ai sha yanzu ne, magani yanzu." Har sunan ya bi shi.

Kada in zalunce shi, ya iya aiki. Allah ya ba shi kai. Sai dai irin mutanen nan ne da in sun iya abu ɗaya, sai su ga kowa jaki ne. In ka gaishe shi da hanci yake amsawa. In ka tambaye shi abu, sai ya fara duban takalminka kafin ya dubi fuskarka.

Gidan rediyon na surukinsa ne, dattijon da kowa ke ce wa Baba. Baba tun yana saurayi yake magana a rediyo, da muryarsa ya gina gidan nan. Da tsufa ya zo sai ya daina shiga ɗakin watsa shiri. Yana dai zaune a ofis da 'yar rediyonsa ta hannu, duk inda za shi tana aljihunsa tana magana.

Sha-Yanzu autar Baba yake aure. Babban ɗan Baba kuma shi ma injiniya ne a gidan, karatu ɗaya suka yi da Sha-Yanzu, sai dai ya riga shi fitowa. Ma'aikata duk Yaya suke ce masa, sun ɗauka daga bakin Auta.

Yaya mutum ne mai nawa. In ya ɗaure noti ɗaya sai ya koma ya sake taɓa shi. Sha-Yanzu in a gaban Baba ne ya ce Yaya, in an juya baya ya ce Kunkuru.

To, sai shugaban injiniyoyin gidan ya yi ritaya, kujerarsa ta zauna ba kowa. Baba ya ce ba zai ba da ita don jini ba, ba zai ba da ita don aure ba. Akwai babban aiki a gaba, ranar da aka buɗe aikin zai faɗi mai hawa. Sha-Yanzu ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. In ya ga ba kowa, sai ya shiga ofishin ya zauna a kanta yana juyawa hagu da dama, kamar yaron da aka kai aski.

Ga aikin, yadda aka fahimtar da ni, don ni ma sai da aka yi min misali da gidan haya na gane.

A da, kowane aiki da kwamfutarsa. Ga ta waƙoƙi, ga ta labarai, ga ta tallace-tallace, ga ta tsofaffin shirye-shirye. Kowace da kayanta a cikinta. Mai labarai in yana son wata murya da ke wajen mai talla, sai ya ɗauki filash, ɗan abin kwafar bayanai, ya taka da ƙafa. Ɗakin injina ya cika da akwatuna, wayoyi sun sarƙe kamar gashin da ya yi wata ba a taje ba. Yaya ne ya haɗa su a hankali cikin shekaru, ba kyan gani, amma suna aiki.

Sabon tsarin kuwa, manyan injina biyu za a kafa, a yanka cikinsu ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta, tana aikinta, amma ba ka ganinta da ido, ba ka taɓa ta da hannu. Su 'yan hayan nan ba sa ajiye kaya a ɗakunansu. Rumbu ɗaya ake yi musu, akwati cike da faya-fayan ajiya, a haɗa shi da waya, kowa ya kai can ya ɗauko can. Amfanin haka, in inji ɗaya ya gaji, 'yan hayarsa su koma ɗayan, kayansu na nan a rumbu.

Shi kuma rumbun yana da mai gadi. Wata kwamfuta ce wadda aikinta kawai ta buɗe ƙofa ta miƙa wa kowa abin da ya nema. In ba ta tashi ba, rumbu a rufe yake.

Sha-Yanzu ya rungume aikin shi kaɗai. Yaya ya ce ko a bar ɗaya daga cikin tsofaffin akwatunan ta yi wani abu a sabon ɗakin, tunda lafiyarsu ƙalau. Sha-Yanzu ya ce shi ɗakinsa ba bola ba ne. Don kada akwatin Kunkuru ko ɗaya ta shigo, sai ya mai da mai gadin rumbu shi ma ɗan haya, ya ba shi ɗaki a cikin babban inji.

Wannan kaɗai ba zai kashe kowa ba. Abin da ya biyo baya ne.

Ranar kwashe kaya, ya kira masu gabatar da shiri da masu labarai suka cika masa ɗaki, don shi ba ya iya aiki sai da 'yan kallo. Ya ce su lura, abin da wasu za su yi shekara suna yi, shi da yatsa ɗaya zai gama. Ya zaɓi 'yan hayan duka, bai ware kowa ba, ya danna. Kayan kowa suka kwarara cikin rumbu. Aka tafa masa.

Ku riƙe wannan, 'ya'yana. A cikin duka ɗin nan har da mai gadi. Kayan da yake buƙata ya tashi da su, da makullinsa, duk sun shige cikin rumbun da yake gadi. Muddin yana farke, ƙofa a buɗe take, ba wanda zai ga aibu. Sha-Yanzu bai lura ba, yana can yana karɓar tafi. Yaya ma bai sani ba, don ba a bar shi ya leƙa ba.

Amma Yaya yana da wata ɗabi'a ta aiki. Duk abin da aka haɗa sabo, ba ya yarda da shi sai an kashe shi ƙurmus an sake kunnawa ya ga ya tashi da ƙafarsa. A taron ma'aikata ya roƙi a zaɓi ranar da shiri ya yi sauƙi, tun tsofaffin akwatuna na nan a matsayin madogara, a kashe sabon tsarin duka, a kunna.

Sha-Yanzu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wannan ba rediyon kakarmu ba ce da ake buga wa mari ta yi magana. Irin waɗannan injinan ba a kashe su. Ga batir, ga janareta. Tun da na kunna su ko ƙyaftawa ba su yi ba."

"Shi ya sa nake so a gwada," in ji Yaya. "Ba mu taɓa ganin tashinsu ba."

"Wanda ya saba da keke, in ya ga jirgi sai ya nemi inda ake hura masa iska."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar nan ta masu son gobe su zama 'yan gaban goshi. Yaya ya koma ya zauna. Baba yana zaune da rediyonsa a kunne.

Maganar ta kai gida. Auta tana ninke wa mijinta kaya ta ce masa ya ji tsoron Allah ya rage yi wa Yayanta haka a gaban mutane, ko ba komai shi ya goya ta. Ta ce abin da ya nema ai ba zagi ba ne, me zai ragu a jikinsa in ya gwada?

Ya ce mata ta tsaya ga abin da ta sani. Gwaji na mai shakka ne. In ya yarda aka kashe don Kunkuru ya faɗa, Baba zai ɗauka har yanzu shi ɗalibi ne.

Auta ta ajiye rigar. Ta ce, "A gidan nan dai Yaya sunansa." Ta fita ta bar shi da sauran ninkin.

Washegari, don ya nuna mata ya ji, sai ya goge tsofaffin akwatunan Yaya tas, ya sa aka kwashe su aka jibge a sito na bayan gida, kusa da janareta, cikin karyayyun kujeru da ƙura. Ya ce wanda ya haye ba ya waiwayen gada. Kun ji wauta mai digiri. Mutum bai gwada sabon takalmi ba ya jefa tsohon a rijiya.

Ranar buɗe aiki ta zo. Sha-Yanzu ya sha fararen kaya, turare kamar ya yi wanka da shi. An gayyaci masu ba gidan talla, da abokan Baba, da dangi. Ma'aikata duk sun baro kujerunsu sun taru a ɗakin injina da bakin ƙofarsa, don Sha-Yanzu ya ce kowa ya zo, sabon tsari zai riƙe tashar shi kaɗai. Kuma gaskiya yana riƙewa. Waƙa na tashi daga aljihun Baba, ta ƙare talla ta shigo, ba hannun kowa.

Ɗakin ya yi kyau, ba ƙarya. Sanyi kamar cikin firji, wayoyi a ɗaure tsaf, fitilu kore suna ƙyalli. Sha-Yanzu ya yi jawabi mai tsawo, a ciki ya ce "ni" har bakinsa ya bushe. Ya ce ya tarar da gidan nan a zamanin jaki, ya kai shi zamanin jirgi.

Sai wani abokin Baba, tsoho mai son jin ta bakin kowa, ya juya ya tambayi Yaya shi me ya gani.

Yaya ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, ƙanin nasa ya yi ƙoƙari. Abu ɗaya ya rage, ba a taɓa kashewa an kunna ba.

Tsohon ya ce a'a, ashe amarya ba a ga tashinta daga barci ba. Mutane suka yi dariya.

Dariyar nan ce ta gama da Sha-Yanzu. Shi da ya saba a yi dariya da wasu, yau an yi da shi, a gaban Baba, a ranar kujera. Fuskarsa ta canza. Ya taka zuwa jikin injinan.

"Kashewa kake so, Yaya? Yau zan raba ka da wannan waƙar."

"Ba yau ba," in ji Yaya, ya matso da sauri, abin da ba a saba gani ba. "Shiri na tafiya. Ba mu da madogara."

"Madogara ta gurgu ce. Ku duba agogonku, kafin ku gama gyara hula ya dawo."

Ya kashe na farko. Ya kashe na biyu. Ya kashe rumbu.

Waƙar da ke aljihun Baba ta yanke a tsakiyar baiti.

Sha-Yanzu ya harɗe hannu ya ɗan jira don abin ya yi armashi, sannan ya kunna. Fankoki suka ɗauka, fitilu suka kama. Ya juya yana murmushi. Allon da ke gabansa ya nuna 'yan haya duk suna jiran rumbu.

Ya ce sai an ɗan ba shi lokaci, manyan injina ba sa gaggawa. Aka ba shi. Mutane suka gyara hula, suka sake gyarawa. Rediyon Baba tsit.

Ya zauna ya fara danne-danne. Ya nemi mai gadi ya tashe shi. Allo ya ce mai gadi ma yana jiran rumbu.

A nan ne ya gane. Kuma shi kaɗai ya gane a duk ɗakin, don na ce muku yana da kai. Ya ga ranar kwashe kaya, ya ga yatsansa, ya ji tafin nan a kunnensa. Gumi ya karyo masa a cikin sanyin da mutane ke rawar ɗari.

Kun ɗauka ya faɗi gaskiya? Ina. Ya ce wuta ce ta yi rawa. Mai kula da janareta ya ce wuta lafiyarta ƙalau. Ya ce to waɗanda suka sayar da injinan ne suka kawo jabu. Ya ce wataƙila wani ya taɓa waya, yana faɗa yana kallon gefen da Yaya yake.

Wayoyin mutane suka fara ƙara. Masu sauraro ne ke tambaya ko lafiya. Wata ƙanwar Baba da ba ta samu zuwa ba ta kira tana kuka, ta ɗauka rasuwa aka yi aka rufe tasha. Masu talla suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurin da ya tuna.

Baba bai yi faɗa ba. Ya tambayi ɗansa ko makirfo na iya kaiwa ga mutane ba tare da kwamfuta ba. Yaya ya ce yana iyawa, murya dai kawai, ba waƙa, ba take, ba talla.

Dattijon ya dogara sandarsa, ya bi baranda a hankali, ya shiga ɗakin da ya daɗe da yin sallama da shi. Ya zauna, ya jawo makirfo, ya yi wa masu sauraro sallama. Ya ce gyara ake yi, a yi musu haƙuri, yau tsohonsu ne zai taya su hira. Bai ambaci sunan kowa ba.

Ya karanta labarai daga jarida. Ya gaishe da direbobi da masu gadi da marasa lafiya a asibiti. Ya ba da labarin yadda ya fara aiki. Masu gabatar da shiri suna karɓarsa yana hutawa, amma mutane na ta kira suna cewa a dawo musu da Baba, shi kuma ba ya iya cewa a'a. Mutum mai hawan jini, wanda likita ya hana doguwar magana.

A ɗakin injina kuwa saura mutum biyu. Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da Sha-Yanzu. Bai ce ai na faɗa ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur, muryar Baba na fita daga ciki, ta fara dishewa.

"Ka ji muryarsa," in ji Yaya. "Ni ban san abin da ke cikin injinan nan ba, kai ka sani. Faɗa min, mu fito da shi daga ɗakin can."

Sha-Yanzu ya daina danne-danne. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman bashin gishiri, "Mai gadin yana cikin rumbu. Ni na sa shi."

Yaya ya tambaya ko kayan sun lalace. Ya ce a'a, suna nan, ƙofa ce ba mai buɗewa. Sai an haɗa sabon mai gadi a wata kwamfuta daban, wadda ke tsaye da ƙafarta a waje.

Yaya ya ce to ina za a samu wata kwamfuta daban yanzu?

Dukansu sun san amsa.

Haka Sha-Yanzu ya tafi sito na bayan gida da fararen kayansa. Ya ture karyayyun kujeru, ya tono akwati ɗaya daga cikin na Kunkuru, ya rungumo ta a ƙirji. Ya biyo baranda da ita, baƙin mai da ƙura sun yi masa zane daga wuya har gwiwa, yanar gizo a hula. Ma'aikatan da suka tafa masa suna tsaye a jikin bango. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi.

Auta ta zo da wasu kayan a leda. Ta miƙa masa ta ce ya canza. Ta duba akwatin da ke hannunsa ta ce, "Bolar ce ka ɗauko?" Ba ta jira amsa ba, ta wuce wajen mahaifinta da ruwan ɗumi.

Aikin bai zama sha yanzu ba. Akwatin an goge ta, sai da aka sake zuba mata komai daga farko, aka lallaɓa rumbu ya yarda da sabon mai gadi. Tashar ta kwana da muryoyin mutane kawai. Sai washegari da hantsi 'yan haya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, taken tasha ya fito.

Sha-Yanzu ya sauke ajiyar zuciya ya ce an gama.

Baba yana bakin ƙofa, Auta na riƙe da hannunsa. Muryarsa ta tafi gaba ɗaya, sai raɗa. Ya yafito ɗansa, ya yi masa magana a kunne. Yaya ya sa aka zaunar da mai gabatar da shiri a gaban makirfo, aka sanar da masu sauraro za a ɗan yi gwaji. Sannan ya juyo.

"Baba ya ce a kashe."

Sha-Yanzu ya dubi Baba, ya dubi injinan. Ya miƙa hannun nan da ya kashe tasha jiya ba ko ɗar, yau kuwa a hankali. Ya kashe. Ya kunna mai gadi, ya jira ya tashi, ya kunna sauran. Ba wanda ya yi numfashi mai ƙarfi har waƙa ta dawo a aljihun Baba.

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya zaro makullin ofishin shugaban injiniyoyi daga aljihu, ya kama hannun Yaya ya sa masa. Sannan ya jawo surukinsa kusa, don ba mai jin raɗarsa daga nesa.

"Kanka ya fi nasa," ya ce. "Amma shi in ya yi kuskure, zan ji tun ina da murya."

Sha-Yanzu yana nan a gidan har yau, a ƙarƙashin Yaya. Tsohuwar akwatin ma tana nan a tsakiyar ɗakinsa mai sanyi, baƙa, mummuna, tana gadin rumbu. Ya nemi a saya mata sabuwar riga, Yaya ya ce a bar ta haka. Kujerar kuwa, in ya shiga ofis kai rahoto, a tsaye yake bayarwa.

Darasi: Duk iyawarka, kada ka raina wanda ya ce maka "mu gwada". Ba ƙasƙantar da kai yake yi ba, rufa maka asiri yake so ya yi tun ba 'yan kallo. Wanda ya ƙi a duba aikinsa a ɗaka, za a duba masa a bainar jama'a, kuma sau da yawa wani bawan Allah ne zai biya da lafiyarsa. 'Ya'yana, ku tura wa duk wani Sha-Yanzu da kuka sani. In kun duba ba ku ga kowa ba, ku sake karantawa a hankali.